Cinyar Ragon Iya

A shekarun da muka zauna Gure, ikilisiyarmu gida uku ce: ni da maigidana, wanda yake akawun wani kanti mai sayen fata da ƙirgi, wani tela Bayarabe da matarsa, sai wani dattijo Banufe, kafinta, mai gyara wa kumandan, baturen mulkin garin, kujeru. Dukanmu 'yan Angalikan ne, dukanmu daga kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki, muka hauro. Ba mu da majami'a, ba mu da limamin kanmu. Ran Lahadi mukan taru a zaurenmu, inda ake jibge fatu sauran kwanaki, kafinta ya karanta Littafin Addu'a, mu amsa. Har yau in na ji warin ɗanyar fata, sai bakina ya yi shirin cewa amin.

Da azuminmu na kwana arba'in ya kama, kafinta ya yanke magana: ba mai cin nama sai safiyar Ista, idin tashin Almasihu. Tela ya tambaya ko fara nama ce. Aka ce masa a'a. Ya ce to, da sauƙi.

Darni ne kawai ya raba mu da wata tsohuwa Bamanga, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can wajen Bune da shanu. Iya nake ce mata. Ita ta riƙe ni lokacin da na zo baƙuwa ina kukan gida, ta nuna mini rijiyar da ruwanta ba kanwa da mai nonon da ba ta surki. Da ta ji muna azumi ta yi murna ƙwarai. Washegari da rana tsaka ta leƙo ta kan darni, ta same ni da lomar tuwo a hannu. Na ce mata namu azumin daban yake. Ta ce haka ta gani. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Iya tana da rago. Tun kaka take kiwonsa da harawa da dusa, tana yi masa faɗa da Barbarci, yana kwana bakin ƙofarta. A shekarar nan kuwa Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar azuminmu. Gari ya ɗauki ƙanshi, ko'ina an banƙare raguna a jikin itace an kewaye wuta da su. Tela ya rufe kansa a ɗaki, ya ce idonsa ke ciwo.

Washegarin Sallah, ranar rabo, Iya ba ta aiko kowa ba. Da kanta ta zagayo da akushi, ta dire gabana, ta ɗaga faifai. Cinya ce guda, ba a ko yanki gefenta ba. Na durƙusa na yi godiya har ta gaji da amsawa.

Ran Lahadi bayan sujada na kawo maganar. Tela ya ce mai da kyauta zunubi ne, shi kuwa a shirye yake ya ɗauke wa ikilisiya wannan nauyi shi kaɗai. Kafinta bai ko dube shi ba. Ya ce kada a ci, kada a mayar, kada kuma a yi wa tsohuwa ƙarya. Sai na yanyanka naman, na soye shi cikin kitsensa kamar yadda matan garin ke yi, na zuba a tukunya na rufe, na tura ƙarƙashin gado.

Wahalar tana cikin sharaɗi na uku. Kullum da safe, bayan gaisuwa, Iya sai ta tambayi yadda na ji ragonta. Na ce mata ban taɓa ganin kitse irin nasa ba. Wata rana na ce ƙanshinsa ya cika mana ɗaki. Wata rana na ce maigida ya yaba da girman cinyar. Duk gaskiya ne. Ita dai sai ta dube ni, ta gyaɗa kai.

Ran nan ta shigo aron taɓarya ina wanka, na ce ta duba ɗaki ta ɗauki taɓarya. Da na fito ta tafi, taɓarya tana nan inda take, tukunya kuma an jawo ta an mai da murfin a karkace.

Daga ranar gaisuwar darni ta mutu. In na kira ta, sai ta amsa daga cikin ɗaki. Matar tela ta ji a rijiya wai Iya ta ce ashe ƙyamar yankansu muke yi, ta ba ni abin da ya fi kyau a gidanta na ɓoye shi kamar abin kunya. Na kasa cin ko tuwon da aka halatta mini.

Ran Jumma'ar da muke tuna mutuwar Almasihu, bayan mun tashi daga addu'a, na ɗauki tukunyar na zagaya. Na same ta tana saƙa faifai a inda ragon yake kwana a da. Na durƙusa na faɗa mata duka: alkawari muka yi wa Allah, nama muka bari, kowane iri, na kowa.

Ta ci gaba da saƙarta.

"Wato ɗiyata, ku sha ruwa, ku ci tuwo, ku sha fura, shi ne azumin?"

"Shi ne, Iya."

"Nama kaɗai."

"Shi kaɗai."

"To ai ni shekara nake yi ina irin naku, ba wanda ya gaya mini lada ake samu." Ta ja zaren kaba da haƙori. "Da bakinki me yake yi? Da kin faɗa tun farko, da ban kwana ina wanke hannuna ina dubawa ba."

Na ce jibi ne buɗe-bakinmu, da hantsi. Ta ce ta ji. Ta ce in ɗauke tukunyata, ƙuda na taruwa.

Safiyar Ista muna cikin waƙa a zaure, muka ji motsi a tsakar gida. Da muka fito, Iya ce zaune bisa tabarmata, ta riga ta hura wuta. Ba ta shiga sujadarmu ba, ba mu kuma sa rai ba. Na ɗumama naman na zuba a akushinta, wanda yake wurina tun ran rabo. Ba ta taɓa ba. Ta zaɓo tsoka ta miƙo mini, ta zuba mini ido har na tauna na haɗiye.

"Yaya?"

"Iya, ya yi daɗi."

"Yanzu kika yi magana."

Sannan ta sa hannu. Ta ce na soya shi ya yi tauri, gishirin kuma na Hausawa ne, ba shi da kaifi. Ta ci, muka ci. Tela ya nemi ƙashin, ta hana shi, ta ƙulle a bakin zanenta ta ce na miyarta ne.