Gulbin da ya ruɗa mani gabas

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna na da sauran ƙarfi, ɗiyata ta fari ta haihu a Minna, anka ce in tafi in yi mata wankan jego. Ni kuwa ban taɓa wuce Gusau ba. Maigida ya haɗa ni da ƙanensa, wanda tun ina amarya ba ya ganina ya ƙyale ni ba tsokana. Munka hau mota daga Mafara, a Gusau munka shiga jirgin ƙasa.

To ku ji. Mu da munka tashi bakin gulbi wajen Bakura, ba mu tambayar gabas a gona. Kakata ta koya mani: ruwanmu yamma yake tafiya, ki ba shi baya, ki dubi inda yake fitowa, ki kabbarta. Da haka na girma, na ɗauka haka Allah ya halicci kowane gulbi.

Bayan mun wuce Kaduna sai ga wani gulbi ya biyo mu ta taga, tsakanin duwatsu da itatuwan da ban san sunansu ba. Ya matso, ya ɓace bayan tudu, ya sake fitowa. Na ga masunta cikin kwalekwale, na ga mata na shanya a kan falalen dutse, ina ta tambayar kaina mi suke nomawa a wannan jar ƙasa. Kallo ya ɗauke ni har rana ta yi sanyi, la'asar na neman wuce ni, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da na yi wayo.

Na yi alwala da butata, na shimfiɗa mayafi tsakanin kujeru. Na dubi ruwa, na ba shi baya. Zan ɗaga hannu ke nan jirgi ya sha kwana, sai ga rana tsakar idona. Wa ke sallar la'asar yana fuskantar rana? Na juya. Na sake leƙa gulbin, shi ma ya juya.

Ƙanen mijina na cin rake yana kallona. Ya ce, "Matar yaya, salla kike ko sussuka?"

Na ce, "Rufe mani baki, miji ƙarami. Ruwan ƙasar nan ne bai san hanya ba."

Ya ce, "Bari in gaya wa direba ya tsaya ki tambaye shi."

Mutane na dariya, ni kuwa hankalina ya tashi, don rana ta fara ja. Sai wani dattijo da ke zaune gefe da tasbaha ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na gaya mashi, na gaya mashi abin da kakata ta koya mani. Bai yi dariya ba. Ya ce kakata ta yi gaskiya, amma gaskiyar gulbinta ta faɗa. Ya ce, "Bar ruwa. Ba rana baya ki kabbarta. In jirgi ya juya da ke, wanda kike yi dominsa ya san a jirgi kike."

Haka na yi, ina dafe da kujera, na sallame rana ba ta faɗi ba.

Da na natsu, abin bai bar ni ba. Na ce, "Malam, to shi wannan ruwa ina za shi?" Ya ce babban gulbin Kwara. Na ce, "Namu fa, na Bakura?" Ya ce shi ma sai ya zaga ta Sakkwato, ya sauko, ya faɗa Kwara. Na koma taga ina kallon gulbin nan kamar ɗan'uwan da ban san ina da shi ba.

Ƙanen mijina bai bar ni da zancen nan ba har Allah ya karɓi ransa. Ko a wurin suna ya gan ni, sai ya ce, "Matar yaya, yau ruwa ina ya nufa?" Allah ya jiƙansa.

Yanzu jikokina da waya suke nemo mani gabas. Ina karɓa, ina godiya. Amma duk ranar da anka kai ni bakin gulbinmu, nakan tsaya in dubi ruwan, in ce mashi a raina, in ka isa can, ka gaida wancan.