Kolo Maƙiyin Yoyo

Yayana Kolo abu ɗaya ya tsana a duniya, shi ne yoyo. Ba ya zagi, ba ya faɗa, amma da ya ga jarka tana ɗiga sai jijiyar wuyansa ta miƙe. Mu manoman tattasai ne a bakin kogin Komadugu, kuma tun yana saurayi shi ke kula da injin ban ruwan mahaifinmu. Bututu in ya tsage ya ɗaure shi da robar taya, tanki ya liƙe da sabulu, in abin ya yi gardama ya kwaɓa gam da rairayi ya shafe. Ko butar alwalar baƙo ba ta tsira daga hannunsa. Innarmu takan ce da Kolo zai sami tsani, da ya hau ya liƙe gajimare.

Tashin hankali ya kore mu daga ƙauye, muka yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira na Assaga muna zaman jiran tsammani. Da ƙura ta lafa muka je duba gona, ba mu gane ta ba. Kangar, itacen nan mai ƙaya da ba ya jin fari, ya cinye ta kakaf, wani kututturen ya kai cinyar ƙato kauri. Kolo kuwa ya wuce shekarun gatari. Sai ya sayar da bijiminsa, ya tafi Diffa ya dawo da injin yanka itace sabo fil a kwali.

Ni Kubra, ƙanwarsa, nawa aikin renon iri ne. Na yafa tattasai a fangali bayan bukkarmu, ina ba shi ruwa safe da yamma, ina kore awaki. Irin tattasai ba ya jiran kowa. In ya isa dashe ba a dasa ba, sai ya tsufa a tsaye, ko ka kai shi gona daga baya wahalar banza ce. Shirinmu kenan: kafin iri ya isa, Kolo ya share gona.

Ranar farko injin ya shiga itace da ƙarfinsa, muka yi murna. Ba a jima ba sarƙar ta fara hayaƙi, wari ya tashi. Dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, wanda muke ce wa harshe, ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Kolo ya buɗe tankin man sarƙa, ya tarar da shi maƙil yadda ya cika shi da safe. Mai yana nan, ya ƙi sauka.

Nan aka fara. Ya ce man ya yi kauri, ya sirka shi da kananzir. Ya ce jabu ne, ya juye ya zuba na injin ban ruwa. Ya ƙwace mini man gyaɗan miya, shi ma ya gwada. Ya wanke matatar cikin tanki, ya bi kwarin harshen da tsinken tsintsiya yana fitar da garin itace. Ya sassauta sarƙa ta zame, ya ɗaure ta ta ƙi juyawa. Daga ƙarshe ya ba ni butar shayi cike da mai, wai in tsaya kusa ina ɗiga masa yana yanka. Ni da girmana, ƙaya tana yagar zanena, mai yana fantsama mini a ido!

Na ce, "Yaya, ka kai shi Diffa a duba."

Ya ce, "Ni da na tsufa ina buɗe cikin inji, wa zai koya mini?"

Na ce, "Iri fa ya isa."

Ya ce, "Gobe zai yi."

Goben nan ta yi ta haihuwar 'ya'ya. Maƙwabta suka yi dashe, fangalinsu ya yi kore shar, mu muna fama da hayaƙi. Sarƙa ta dakushe, harshen ya ƙone ya yi shuɗi. Haushi ya hana ni cin abinci. Ran nan dai na naɗe injin a buhu na aza a ka, na ce ko ya biyo ni ko ya zauna. Ya biyo ni yana ƙunƙuni har tasha.

A Diffa muka sami wani makanike, Sharif, ya cire murfi, ya zare harshen, ya goge wurin da tsumma. Ya tada injin ya zuba ido, ko ɗigo babu. Ya kai farce ya ƙwanƙwasa wani wuri mai santsi.

Ya ce, "Baba, nan ya kamata a ga rami hwa. Wa ya taɓa wannan inji?"

Kolo ya ce, "Ba wanda ya taɓa. Yoyo dai ya zo da shi daga kanti. Ran da na kawo shi na zuba mai na tada, na ga yana ɗiga mini kan tabarma, na bi sawu na gyara."

Sharif ya ce, "Da mi ka gyara?"

"Gam da rairayi."

Sharif ya ajiye tsumma ya dafe kai. Ya ce, "Wallai Baba, aikinka ya yi kyau, ni kaina na ɗauka haka kamfani ya yi shi. Amma ta nan mai ke fita ya jiƙa sarƙa. Wannan inji, in bai yi yoyo ba, ya mutu."

Na dubi Kolo. Da ba yayana ba ne, da Diffa ta ji muryata ran nan. Shi kuwa cewa ya yi, "To me ya sa ba su rubuta a jiki ba?"

Sharif ya sha wuya kafin ya huda gam ɗin, don liƙin Kolo ba ya sakin abin da ya kama. Mai ya fito tsil-tsil. Sai dai sarƙa da harshe sun riga sun tafi, kuma babu irinsu a kasuwa, sai an aika Damagaram. Muka koma gida jira. Ina ban ruwa wata safiya na ga farin fure a kan irina, yana nan cunkushe a fangali, dogo siriri. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, don ni na san wahalar da na sha a kansa.

Kaya suka iso daga baya. Injin ya yi aiki kamar ba shi ba, yana fesa mai, Kolo yana kau da kai don kada ya gani. Ya kwantar da kangar ɗin nan kaf, ya tone saiwa, ya ƙone ƙaya, ya ja fangali a miƙe. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba.

Irin kuwa na buɗe wa awaki shinge suka cinye. Da kaka ta zo na shiga layin mata masu tsinkar tattasai a gonar maƙwabcinmu, ana cika buhunan wani da hannuna. In na ɗago don in miƙe baya, ina hango tamu a tsallaken bututu. Duk kwarin nan babu gonar da ta kai ta tsabta, kuma babu tattasai ko ɗaya a cikinta.