Facin da na sa wa sunan Yaya

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da abin da ya faru tsakanina da Yaya ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na zo rubuta sunana a ƙasan wani aiki sai na ji ɗaci ya taso mini.

A Kusfa aka haife ni, cikin birnin Zariya, a gidan malamai. Kakanmu da hannu yake kwafar littattafai, kuma tun muna yara muke ganin yadda yake rufe su: sunan malaminsa a sama da doguwar addu'a, nasa kuwa can ƙasa, wani lokaci ma babu. Haka aka rene mu, ɗalibi ba ya sa sunansa gaba da na wanda ya koya masa.

Ni kuwa wanda ya koya mini kwamfuta ɗan wan babana ne da ke zaune a Tukur-Tukur, muna ce masa Yaya. Shi ya fara nuna mini kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda mutane daga ko'ina a duniya suke haɗuwa su gyara ta hanyar imel. Kowane gyara faci ake kiransa, kuma yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi har abada. Wannan suna shi nake bukata, domin a lokacin ba ni da aiki, kuma kamfanin da nake neman aiki a wurinsa ya ce ba ruwansa da takardar shaidar karatu, sai dai ya ga abin da hannuna ya yi a can.

Sai na zaɓi wurin da kowa ke ƙorafi a kai amma ba mai taɓawa. Akwai tarin gwaje-gwajen da ake auna lafiyar kanel da su, kuma kafin ka harhaɗa su ka girka, sai ka sha wuya. Umarnin da za ka buga wa kwamfuta ɗaya ne in kana babbar folda, wato jakar da ake ajiye fayiloli, wani daban in ka shiga ƙaramar da ke cikinta, na girkawa kuma yana can gefe, ga zaɓuɓɓuka biyu na inda za a ajiye kaya da suke cin karo da juna. Wata uku na yi a zauren gidanmu, kwamfuta a cinya, ina kwance wannan ƙulli. Har na mai da shi umarni guda: ka faɗi inda kake so, ya harhaɗa komai ya girka maka. Ranar da ya yi aiki na tashi na yi ta zagaye zauren ni kaɗai ina dariya.

Nan wautata ta zo. Da na isa layin sunan marubuci, sai na tsaya. Na ce a raina, ni wane ne zan bayyana gaban duniya, wanda ya koya mini yana raye bai bayyana ba? Sai na sa sunan Yaya, na kai masa ya duba. Abin da nake jira shi ne ya yi murmushi, ya sa mini albarka, ya ce in cire in sa nawa, kamar yadda babba ke tura maka abinci bayan ka miƙa masa. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi kyau, shi zai aika. Na yi zaton aƙalla zai sa ni a ƙasa. Da facin ya fito, na duba sama na duba ƙasa, babu ni.

Aka karɓi aikin, aka yaba. Har aka gayyaci Yaya ya riƙa duba gyare-gyaren wasu a wannan sashe. Ya zo gidanmu yana ba Baba labari, ni ina zuba masa ruwa.

Bayan wani lokaci kuskure ya bayyana. In mutum bai faɗi inda za a girka ba, umarnin kan share abin da ke cikin foldar da yake tsaye. Wani ya yi asarar aikinsa, ya rubuto a fusace inda kowa ke karantawa. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba, layi ɗaya na manta. Sai Yaya ya ba shi amsa a nan gaban kowa. Ya rubuta cewa wannan ɓangaren wani ɗalibinsa ne ya yi, ya kuma ambaci cikakken sunana, har da na babana.

Bayan la'asar na same shi a ƙofar gidansa. Na gaishe shi yadda na saba, sannan na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Ƙarya na yi? Ba kai ka rubuta ba?"

Na ce, "Ni ne, Yaya. Amma ai sauran ma ni na rubuta."

Ya dube ni ba ko fushi, ya ce, "Da hannunka ka sa sunana. Ni na roƙe ka?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba ko a kalma ɗaya. Da na kai ƙara wurin Baba, cewa ya yi in yi haƙuri kada in ɓata zumunci. Kamfanin kuwa sun bincika, suka sami sunana wuri guda tak, a cikin wasiƙar nan ta kuskure. Suka turo mini amsa mai ladabi cewa sun ɗauki wani.

Ni na gyara layin, na aika da sunana, amma gyaran layi ɗaya bai zama shaidar aikin wata uku ba. Har yau dubban mutane na buga wannan umarni, tarihin kanel kuma na cewa Yaya ne ya yi shi. Ina gaishe shi a wurin biki da jana'iza, ina rusunawa kamar da, sai dai zuciyata ba ta rusunawa.

Abin da na koya shi ne girmama malami wurinsa gaisuwa da addu'a, ba layin sunan marubuci ba. In ka bar wani ya ɗauki yabon aikinka, kada ka yi zaton zai ɗauki laifin tare da shi. Ranar da abu ya lalace zai tuna sunanka sarai, har da na babanka.