Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Motar Alhaji

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na kwanta rigingine a ƙarƙashin mota a tsakiyar Maradi ba, maza sun kewaye ni suna salati. Shekarar nan ce da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, fara kuma ta biyo baya ta share ɗan abin da ya rage. A garinmu Agiye mun ci anza, ƴaƴan wani itacen daji, har harshe ya daina jin ɗacinta. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuta labarin da hannuna, ba wanda zai rage mini shi.

Mijina ya tafi ci-rani, don haka gidanmu duka a wuyan ƙanena yake. Direba ne, yana jan motar haya ta wani Alhaji mai sayar da hatsi, daga Agiye zuwa Gazawa, wani lokaci har Maradi. Duk tiyar geron da ta shigo gidanmu a shekarar nan, daga motar ta fito.

Sai motar ta kama shan mai kamar an huda ta. Baƙin hayaƙi a baya, wari mai hawa kai, in ta tsaya ta riƙa karkarwa kamar mai masassara. Makanikin garinmu ya buɗe gabanta yana neman karbireto, irin na tsofaffin motocin da ya saba da su, ya nema ya rasa, don wannan ƴar Turai ce, ba ta da shi. Ya sake buji, wato fulogi, ya kaɗe matatar iska, ya ce a je. Ba abin da ya sauya.

Alhaji kuwa ya riga ya yanke hukuncinsa. Motar a cikin gidansa take kwana, saboda haka, in ji shi, a hanya ake zuƙe man ana sayar wa masu kwalabe na bakin titi. Ya faɗi haka a gaban mutane a tasha, ya ce bayan kasuwar Gazawa ƙanena ya ajiye masa makulli.

Ƙanena ya dawo gida ya zauna ya gaya mini abin da ya faru. Shi mutum ne mai sanyi, ni ce aka ba zafin gidanmu duka. Na yafa gyale na nufi rumfar Alhaji.

"Alhaji, ɗan uwana ka kira ɓarawo?"

"Ke, maganar mota ba ta mata ba ce."

"Maganar tuwo fa? Ta mata ce ko ta wa? Ka ba mu ita gobe mu kai Maradi a duba. In aka ce lafiyarta lau, ni da kaina zan kawo maka makullin."

Ina jin don ya rabu da bakina ne ya yarda.

Da safe muka ɗebi fasinja muka kama hanya. Ni ce a gaba, karo na farko a rayuwata, ina ta zare ido kamar ni ce mai motar. Gefen hanya gonaki fayau, shanu kwance ƙashin haƙarƙari a waje. Amma wallahi zuciyata tsalle take yi, don na san yau za a yi ta ta ƙare.

Da muka isa Maradi aka kwatanta mana garejin wani mai gyaran wutar mota, ƙato mai tumbi da yawan dariya. Yana zama a kujerar direba, sai idonsa ya faɗa kan wata ƴar takardar addu'a da aka manna a gaban sitiyari, inda allurai masu nuna mai da gudu suke. Ya sa farce ya ɓamɓare ta. Ashe wata ƴar fitila ce ruwan ɗorawa take ci a ƙarƙashi.

"Wa ya rufe wannan?"

Ƙanena ya sosa ƙeya. "Ni ne. Fasinja ke ta tambaya, wai ko motar za ta kama wuta. Duk direbobin tasharmu haka suke yi."

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya. "Mota na kuka tana cewa ba ta da lafiya, kai kuma ka toshe mata baki da addu'a! Hajiya, wannan ƙanenki ne?"

"Nawa ne, kuma ban je Makka ba tukuna. Faɗa mana ciwon."

Ya ce irin waɗannan motoci suna da wani abu kamar hanci, sondi suke ce masa, an ɗaura shi a jikin bututun hayaƙi. Aikinsa ya shinshina hayaƙin, ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar ko iska ta ishi man da ake ƙonawa. In ya mutu, ƙwaƙwalwar ba ta da mai gaya mata gaskiya, sai ta yi ta antaya mai ba awo. Ya ce shi yake zargi, amma bai taɓa kwance na wannan samfurin ba, sai an nemo inda yake.

Shi da ƙanena suka leƙa ta sama, ba a ganin komai. Ramin garejin kuma wata babbar mota ta hau kansa. Suka tsaya gardama, wannan ya ce a jira, wancan ya ce a ɗaga ta. Ni kuwa rana na yi, cikina ba komai, haƙurina ya ƙare. Na tambayi kamanninsa. Ya ce kamar buji yake, da waya a gindinsa, a bi bututun tun daga inji. Na taɓa bututun na ji ya huce, na ja wani kwali, na tamke zanena tsakanin ƙafafu, na shige. Yunwar shekarar ta riga ta fafe ni, ko gogar ƙarfe ban yi ba.

"Yaya! Don Allah fito, mutane na kallo!"

"Su kalla. Miƙo mini tocila."

Na bi bututun da hannu daga inda ya sauko, tsatsa na zubo mini a ido. Ban yi nisa ba yatsana ya ci karo da wani ƙarfe a tsaye, kamar ƙaho. Na haska. Ga waya na lilo a jikinsa, a tsinke.

"Na same shi! Na kama ɗan banza!"

Ihun da na yi har masu shayi na tsallaken titi suka taso. Mai garejin ya durƙusa da ƙyar, tumbi na shan ƙasa, ya leƙo ya ce shi ne, ɓera ya yi aikinsa. Na ƙara haskawa. Wayar ba yanka aka yi mata ba, tauna ta aka yi aka ja, ta yi laushi kamar ragowar rake, ga kuma jan gashi maƙale a jikin ƙarfen. A shekarar nan awaki sun ci mini tabarma, sun ci igiyar guga. Na ce masa wannan bakin akuya ne, in ba haka ba a canza mini suna.

Ciro shi ma wani yaƙi ne, don tsatsa ta riƙe shi gam. Aka ɗaga motar aka tokare ta, aka cire kan batir, aka jiƙa wurin da kananzir aka bar shi ya sha. Mai garejin ya zura sifana, ya ƙara mata bututu don tsawo, shi da ƙanena suka danna tare. Sai ji muka yi ƙarrr, ya saki. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin da toka. Aka samo wani na hannu a wurin masu kayan tsofaffin motoci. Ya fara ɗaura shi da yatsu don kada haƙoran su goce, sannan ya ɗaure, ya maƙala wayar har ta ce ƙyas, ya zura ta cikin guntun tiyo ya ɗaure sama. Aka mayar da batir, aka tayar. Fitilar ta kawo, ta mutu. Karkarwar nan ta tafi. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar gareji kamar an kawo amarya.

Mun iso Agiye da la'asar sakaliya. Na ce wa ƙanena kada ya tsaya tasha, ya wuce gidan Alhaji kai tsaye. Na ajiye masa tsohon sondin a kan tabarma, na yi masa bayani, ya taɓe baki ya ce tatsuniya ce. Na ce to mu zauna. Ba mu daɗe ba sai ga ƴan awakinsa, ramammu, sun rugo sun kutsa ƙarƙashin motar kamar ɗakin uwarsu. Wata ja ta miƙa wuya tana laluben wurin nan daidai.

"Ga ɓarawonka nan, Alhaji. A gidanka yake kwana."

Maƙwabta suka fashe da dariya. Alhaji ya cire hula ya mayar. Ranar kasuwar Gazawa shi da kansa ya sa aka zuba mai a gabansa, ya shiga gaba, aka je aka dawo, allurar man ba ta yi wani motsin kirki ba. A tashar da ya kira ƙanena ɓarawo, a nan na sa ya tsaya ya janye maganar, don ban yarda a yi ta a zaure ba. Makulli ya zauna a aljihun ƙanena, muka ci gaba da ɗora tukunya har damina ta zagayo.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa jikokina: in abu ya lalace, zargin mutum ya fi komai sauƙi, don ba sai ka tashi daga inda kake zaune ba. Amma kafin ka ɓata sunan wani, ka durƙusa ka duba da idonka, ko da tufafinka za su sha ƙasa.