Malam Abdulghani, Bana Muharram Naka Ne

Duk wanda ya taɓa sallar asuba a ƙaramin masallacin bakin kasuwar Hindawiyya ya san abin da ke biyo bayan sallama. Malam Abdulghani zai fito da takalmansa a hannu, ya tsaya wurin mai ful, dafaffen waken nan, ya karya, sannan ya ja wani tsohon akwatin ƙarfe zuwa gindin bangon da inuwa ta fi daɗewa. Ya zauna a kansa, ya ɗora katako a cinya, ya jera alƙalami da tawada da ƙyallen goge yatsa. Shi ke nan, ofis ya buɗe. Ba shi da allon suna, ba shi da fanka, amma da wuya ka sami Bahaushe mai shago daga nan har Sharafiyya wanda takardar hayarsa ba ta bi ta kan katakon nan ba.

Mutumin Misau ne. Hajji ya kawo shi yana saurayi, da niyyar ya sauke farali ya juya, sai guzuri ya ƙare. Da yake ya yi karatu a gida kuma hannunsa na da kyau, ya zauna kusa da wani tsohon marubuci a ƙofar kotu har ya iya Larabcin takarda. Ya ce shekara ɗaya zai yi. Bana shekara ashirin da bakwai ke nan.

Abin da ya riƙe shi kuwa wata ne guda. A garin nan hayar shago daga Muharram take zuwa Muharram, ranar da sabon wata ya tsaya tsohuwar takarda ta mutu. Mu kuwa mun taso inda idan an yi musafaha an shafa Fatiha, rumfa ta zama taka har jikokinka. Usuman tela shi ya fara koya mana bambancin. Malam ya tambaye shi ina takardarsa, sai ya nuna saman ƙofa yana alfahari.

"Ga ta can, Malam. Baduku na ba, ya ɗinke mini ita a fata. Ko ruwa ba zai taɓa ta ba."

"Ya shekh, ruwa bai taɓa ta ba, amma ta mutu tun wata uku. Laya ka ɗauke ta?"

Kafin mako ya zagayo Usuman na tsaye a titi da keken ɗinkinsa a ka, wani ya shiga shagon. Malam ya yi ta yawo har ya samo masa wani wuri, kuma daga ranar ya fara ƙara layi ɗaya a duk takardar da ya rubuta: wanda ke cikin shago shi za a fara sabunta wa, muddin ƙofarsa a buɗe take ana ciniki, kuma ya nema kafin Muharram ya tsaya. Masu gidaje suka yarda, don su ma ba sa son shago a rufe. Layin nan ya tsare abincin gidaje da yawa, ya kuma ɗaure mai rubuta shi. Domin ayarin alhazai masu komawa gida a daidai kwanakin nan yake tashi, ƙarshen Zulhajji zuwa farkon Muharram, kuma a wancan zamanin ba mai ratsa Sudan da Chadi shi kaɗai. Lokacin da jirgi ke kiran sa, lokacin ne layin masu shago ke kaiwa har ƙofar masallaci. Sai ya ce baɗi.

Shekara goma sha biyar da suka wuce baɗin ta zo. Wani alhaji daga Misau ya kawo masa saƙon mahaifiyarsa, baki da baki: idan Abdu na son ya gan ni, ya zo bana. Malam ya sayi akwatin ƙarfe, ya sa mata mayafi fari da tasbaha da gwangwanin zamzam, ya sa wa ƙanwarsa Sauda turare. Ya damƙa masu shagonsa ga wani marubuci, ya yi ta bin mutane yana neman gafara. Waɗanda suka gan shi a kwanakin nan sun ce har tafiyarsa ta canza.

Kwana biyu bayan layya, Bawa mai kayan miya ya faɗi ya rasu. Ya bar matarsa Rahamatu da 'ya'ya mata huɗu da shago ɗaya, shi ne cinsu, shi ne suturarsu. Rahamatu ta shiga takaba, ba ta fita, shago ya rufe. Takarda kuma da sunan mamaci take, sai an samo shaidar magada daga kotu kafin a maida ta sunanta. Sauran kwana goma sha takwas Muharram, sauran goma sha uku jirgin Malam.

Ya je ta'aziyya, ya tsaya daga bayan labule. Rahamatu ba ta roƙe shi komai ba, tambaya kawai ta yi.

"Malam, wai idan ƙofa na rufe, halas, shi ke nan sun karɓe shagon?"

"Haka aka rubuta."

"Wa ya rubuta?"

Malam ya ce, "Ni ne. Miƙo mabuɗin."

Washegari 'yan kasuwa suka ga abin mamaki: Malam Abdulghani a shagon Bawa, zaune a kan sabon akwatinsa, yana auna kuka da daddawa. Mutumin da bai san bambancin karkashi da kuɓewa ba! Mata suka yi ta yi masa dariya, wata ta ce ya ba ta kanwa ya miƙo mata gishiri. Bai damu ba. Da safe ya buɗe, hantsi ya bar Usuman a bakin ƙofa ya tafi kotu, a ce masa bukra, wato sai gobe, ya dawo ya ci gaba da awo. Ya yi zaton zai gama kafin jirgi. Ranar tashi ta zo takarda ba ta fito ba. Ya raka mutanen garinsu har tashar jirgin ruwa, ya ba su saƙo cewa a gaya wa Inna yana tafe baɗi, ya tsaya har jirgin ya ɓace masa. Ya dawo ya buɗe shago kafin la'asar.

Takardar ta fito saura kwana ɗaya. Ya kai shaidu biyu bakin labule, Rahamatu ta miƙo hannu ta dangwala. Da safiyar Muharram sai ga Hamad, wakilin mai gidan, da sabon kwaɗo a aljihu da wani mai son shagon a bayansa. Ya tarar da ƙofa a buɗe.

"Ya Abdulghani, kai da aka ce ka yi safar, ka tafi gida?"

"Ga ni dai. Ga ƙofa, ga ciniki, ga takardar magada. Karanta layin ƙarshe."

Hamad ya karanta, ya dubi akwatin, ya dubi mai akwatin. Ya ce, "Ɗayyib, ya yi," ya sa hannu.

Da alhazan baɗi suka sauka, su suka kawo labarin. Inna ta rasu da damina, kuma har kwananta na ƙarshe tana sa Sauda ta share ɗakin da ta gyara masa. Malam ya yi kuka a gaban mutane, bai ɓoye ba, mu ma da muke rubuta wannan ba za mu ɓoye cewa abin na ci mana rai har yau ba. Bai sake buɗe akwatin ba, ya maida shi kujera. Kowace shekara idan alhazai sun zo yakan bi masaukinsu yana tambaya ko akwai mutumin Misau, ya zauna ya yi ta jin labarin tsamiyar ƙofar gidansu da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Sauda kuma ba ta fasa aiko da saƙo iri ɗaya ba: Yaya, ni dai ina nan. Jirgin ruwa ya koma jirgin sama, amma watan tashi bai canza ba, layin masu shago ma bai ragu ba.

Malam Abdulghani, kai ne ka karanta mana abin da muke dangwala wa hannu. Kai ne ka tsaya tsakaninmu da titi. Bangon 'yan kasuwa, mun jingina da kai har muka manta kai ma ɗan wata ne, kuma wan wata. Mun sani, ba wanda ya tilasta ka. Amma kowace shekara mun ga akwatin nan a ƙarƙashinka, muka miƙo takardunmu, ba wanda ya ce maka tashi ka tafi.

Rahamatu ce ta fara jin kunyar wannan. Bana, da ta ga idonsa ya fara rauni har yana kai takarda dab da hanci, sai ta yafa mayafi ta ɗauki Usuman suka bi masu gidaje ɗaya bayan ɗaya, daga Hindawiyya har Bani Malik, suna roƙon a sabunta tun Zulƙida. Wasu suka ce ba a taɓa yi ba. Ta ce, "To a fara a kanmu." Hamad, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, shi ya fara yarda, har ya taya su lallashin sauran. Malam ya ga layi tun kafin Hajji ya yi ta faɗa, wai mutane sun ruɗe ba su san wata ba. Sai da ya goge yatsan mutum na ƙarshe Rahamatu ta matso.

"Saura wa, Malam?"

Ya duba. "Babu."

"To yalla, maza tashi daga kan akwatin nan. Sauda na jira."

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka, Ya jiƙan Inna, Ya kai ka lafiya. Ku kuma da Allah Ya ba karatu a unguwannin nan, aikin ya dawo kanku: ku karanta wa maƙwabci takardarsa kafin ya dangwala, ku tuna masa kafin wata ya tsaya, kada ku bar wa mutum ɗaya nauyin gari guda.

Jibi jirgin alhazan Kano zai tashi, sunansa na ciki. Jiya ya buɗe akwatin a gaban Usuman. Mayafin Inna na nan a ninke, fari kamar ranar da aka saye shi. Ya shafa shi, ya ce Sauda za ta yafa.