Shekara Bakwai Babu Malamar Magana

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Malama Rabi, Allah Ya jiƙanta. Ƙawata ce tun muna firamare a Birnin Kudu. Ni aure ya kawo ni Gwaram, ita kuwa karatu ya kai ta Kano, ta dawo da wani fanni da a lokacin ko jin labarinsa ba mu taɓa yi ba: taimakon yaran da magana ke yi wa wuya. Masu in'ina, masu tsamin baki, da waɗanda shekarunsu suka kai amma baki bai buɗe ba. Mutane suka rasa sunan da za su ba aikin, sai suka riƙa kiranta Malamar Magana.

Ban san darajar aikin nata ba sai da abin ya shigo ɗakina. 'Yata Saudatu tana shekara biyar in'ina ta kama ta. Za ta buɗe baki ta ce "Inna", sai kalmar ta maƙale, idonta ya kawo ruwa, ta yi ta buga ƙafa a ƙasa. Yaran unguwa suka fara kwaikwayonta. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru ta koma nuni da hannu.

Surukata Hajiya tana ji da jikar nan tata. Ta ce linzami ne ya ɗaure mata harshe, a kira wanzami ya yanke. Maigidana bai iya musa wa mahaifiyarsa ba, ni kuma ba ni da bakin magana. Aka sa rana. Ina ta tuna jinin da na taɓa gani a bakin wani jariri bayan irin wannan yanka, sai na kira Rabi ina kuka.

Da hantsi ta iso a bayan babur, wanzamin ma yana zaure. Na ɗauka faɗa za ta yi, don na san halinta. Sai ta durƙusa ta gaida Hajiya har ƙasa, ta roƙi a ba ta ɗan zuma. Ta shafa wa Saudatu a saman leɓe, yarinya ta zaro harshe ta lashe tas.

"Hajiya, ku duba da kanku," in ji ta. "Harshen da ke ɗaure ba ya kaiwa nan."

"To me ke riƙe mata maganar?"

"Ba a harshen yake ba, aska ba za ta same shi ba. Ku ba ni ita zuwa kaka. In ba ku ga sauyi ba, ku kira ni ku yi mini faɗa."

Hajiya ta daɗe tana kallon jikarta. Daga baya ta ce a kai wa wanzami goro, a ba shi haƙuri.

Tun daga nan Rabi ta riƙa zuwa. Ba allura, ba magani. Tabarma za ta shimfiɗa, su yi ta wasan 'yartsana, tana jan magana a hankali Saudatu na bin ta. Mu manya ne muka fi shan horo. Ta hana mu ƙarasa wa yarinyar kalma, ta hana mu ce mata "natsu mana", ta hana mu kau da kai in ta maƙale. Maigidana ya fi kowa shan wuya, domin mutum ne mai sauri. Kuma Rabi ba ta taɓa yi mini alkawarin warkewa ba. Ta ce, "Hauwa, wasu yaran yana sakinsu, wasu yana zama da su har girma. Ni abin da nake gudu shi ne ta ji tsoron bakinta." Kafin a girbe dawa Saudatu ta koma surutu, da in'inarta da komai, Hajiya kuwa ita ce kan gaba wajen tsawatar wa duk wanda ya katse ta.

Akwai wani aiki da ya ci ran Rabi. Takan ce yawancin littattafan da ta karanta a kan yaran Turawa aka rubuta su, alhali ɗan Bahaushe da wasu haruffa dabam yake kokawa. Sai ta shiga yawo ƙauyukanmu irin su Wurno da Basirka da hotuna, tana nuna wa yara ƙofa, ɓera, ɗaki, tsintsiya, tana ɗaukar muryarsu. So take ta gane lokacin da yaro ke iya furta kowane harafi, don a bambance wanda jinkiri ne kawai da wanda ke bukatar taimako. An sha korarta daga gidaje, ana cewa me za ta yi da muryar 'ya'yan mutane. Ita ma ba ta da haƙuri da manya, sau da yawa takan faɗi maganar da sai an bi ta da ban baki. Aikin bai kammala ba ciwo ya kwantar da ita, kuma bai ɗauki lokaci ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ina jin za ta yi murna da ganin matasan iyaye suna neman bayani a waya kafin su kira wanzami. Amma na tabbata ranta zai ɓaci in ta ga an miƙa wa ɗan yaye wayar nan ya wuni da ita, ba mai yi masa hira. Kuma za ta tarar da abin da ta bari: uwa a ƙauye tana ganin ɗanta ya makara da magana, ba ta san ƙofar da za ta buga ba.

Kwanan baya wata mata ta yi sallama a gidana, daga Fagam, riƙe da hannun 'yarta wadda magana ke yi wa wuya. An ce mata ni ƙawar Malamar Magana ce, in haɗa su. Ba ta san ta rasu ba. Da na faɗa mata sai ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "To yanzu wurin wa zan kai ta?"

Ni ba likita ba ce. Na ba ta shawarar a fara duba kunnen yarinyar a asibiti, su kuma tambayi inda masu wannan fanni suke a Kano. Na ga dai jikinta bai saki ba. Saudatu, wadda yanzu take ajin ƙarshe a sakandare, tana tsakar gida tana wanki. Ta ɗauraye hannu ta zo ta tsuguna gaban matar. Kalmar farko ta riƙe ta, ta ja numfashi ta sake.

"Baba, ni ma haka nake," ta ce. "Kuma ni ke jan muhawara a ajinmu."

Matar ta dube ta, ta dubi 'yarta, ta sa gefen mayafi ta share ido. Sai a lokacin ta karɓi ruwan da na daɗe da miƙa mata.

Rabi ba ta bar wani asibiti mai ɗauke da sunanta ba, bincikenta ma bai ga haske ba. Abin da ta bari yana bakin yaran da suka daina ɓuya. Allah Ya haskaka makwancinta, Ya kawo mana wanda zai ɗora daga inda ta tsaya.