Hancin Aro

Kwalba ce ta haɗa ni da Ankul. Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Sentul, can sama a wani dogon bene, maigidana yana fama da digirinsa na uku, ni kuma zaman gida ya ishe ni, na fara soya gyada ina sayar wa ɗalibai 'yan Najeriya. Ɗanyar gyada ba ta wuya a kasuwar Chow Kit. Mazubi ne matsala. Na gwada leda, na gwada robobin da ake sayo abinci a ciki, ɗaliban nan suka ce wai ba ta yi musu ɗanɗanon gida. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san soyayyar gyada a kwalba take zama, ya kuma san abin da ya fara zama a kwalbar, sai dai ba a tambaya.

Ankul maƙwabcinmu ne, ƙofa na kallon ƙofa. Tsoho ne Ba'indiye, Kirista, ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna ƙasashen waje. Kowa a benen Ankul yake ce masa, yadda ake kiran dattawa a garin, ni ma na bi sahu. Wata safiya na gan shi zai sauka da kwalabe wajen zubar da shara, suna ƙara a leda. Na yi ta maza na ce ya ba ni. Ya dubi hijabina, ya dubi ledar, ya ce, "Yarinya, kin san ko kwalaben mene ne?" Na ce na sani, amma ai mai ɗakin ta riga ta fita. Ya yi dariya har da tari. Tun daga ranar, duk wadda ta ƙare sai in tsince ta a bakin ƙofata. In jiƙa ta, in kankare takardar, in wanke da omo da tafasasshen ruwa har hannuna ya yi fari.

Duk Lahadi da la'asar abokansa biyu suna zuwa, tsofaffin abokan aikinsa. Ɗaya dogo ne, Ba'indiye, bakinsa ba ya raga wa kowa. Ɗayan gajere ne, ɗan Caina, shi ko ka ce rana daga yamma take fitowa zai gyaɗa maka kai. Saboda zafi Ankul yakan bar ƙofarsa a buɗe, ƙyauren ƙarfe kawai yake ja. Ni kuwa a bakin tawa ƙofar nake zama ina murza gyada ina hure ɓawo. Ban je jin gulma ba, ita ce take zuwa ta same ni.

A sanina mai shan giya sha yake yi ya bugu ya yi ta shirme. Waɗannan ba haka suke ba. Sai a tsiyaya 'yar kaɗan a wani kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki. A ɗaga ta a haske, a jujjuya, a tura hanci a lumshe ido kamar mata a gaban mai humra. Sannan a kurɓa, a riƙe a baki ana yawo da ita daga wannan kunci zuwa wancan. Daga nan sai ba da maki, daga ɗaya zuwa goma. Ankul ne yake fara magana, domin shi ne mai hancin. Zai ce ya ji hayaƙi, ya ji zuma, ya ji tsohon katako, ya ba ta bakwai. Dogon ya ce ƙarya ne, takwas ce. Gajeren ya ce duka biyun suna da gaskiya. A haka za su kai magariba. A bakinsu na ji cewa wiski iri-iri ce: akwai ta Sikotland da ake yi da sha'ir, wadda dogon yake ji da ita kamar 'yarsa, akwai kuma ta Amurka da ake yi da masara, suna kiranta bobon. Na ce a raina, ashe dai burkutu ce ta yi boko.

Ana nan Ankul ya kwanta wata muguwar mura har sai da aka kai shi asibiti. Da ya dawo na yi masa farfesun kaza, na cika citta da masoro da kanumfari, ƙamshi ya game benen gaba ɗaya. Na buɗe masa kwanon a gabansa, tururi yana dukan fuskarsa. Ya leƙa ya ce, "Miyar mece ce?"

Nan take na gane. Shi ma ya gane na gane.

"Ba na jin komai, yarinya," in ji shi. "Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Wiski ma yanzu zafi kawai nake ji a maƙogwaro." Ya rufe kwanon a hankali. "Mutum biyun nan su kaɗai suka rage masu hawo benen nan domina. In suka san hancin ya tafi, me za su zo yi? Kada ki faɗa wa kowa."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ban san tausayin zai ja ni inda ya ja ni ba. Ranar Asabar ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, riƙe da ɗan faranti, a kai an ɗora toshiyar sabuwar kwalbar da za su ɗanɗana gobe. Wai in shinshina in gaya masa abin da na ji.

Na ce ya jira, na koma ciki na gaya wa maigidana.

"Wait," in ji shi, ya ture kwamfutarsa. "So yanzu consultant kika zama a harkar giya?"

"Ba sha zan yi ba, Abban yara. Toshiya ce kawai."

"Ni engineer ne, ba mufti ba. Amma seriously, in matan association ɗinmu na 'yan Najeriya suka ji, ba ruwana. Ban gani ba, ban ji ba."

Zuciyata ba ta kwanta da abin ba, ba zan ɓoye ba. Amma tsohon yana tsaye a waje da faranti a hannu kamar wanda ya zo biko. Na gindaya masa sharaɗi: ba na taɓawa, ba na shiga gidansa ranar shan, kuma shi zai riƙe farantin. Na ja numfashi ɗaya, na ja baya ina istigfari. Da farko wari ne kawai, irin na ɗakin allura. Da ya lafa sai na ji hayaƙi, kamar an wuce ta wajen mai tsire. Na gaya masa. Washegari ina zaune da gyadata na ga ya lumshe ido ya ce, "Hayaƙi. Gasasshen nama. Bakwai." Dogon ya ce ƙarya ne. Komai ya koma daidai.

Haka muka yi ta yi, har ranar da ya kawo toshiyar wata bobon. Ina shinshinawa sai ga ni a ƙofar makarantarmu ta firamare, bakina ya yi ja da gurgurar goruba. Ita ce sak, zaƙin nan mai ɗan bauri. Na nemi sunanta da Turanci na rasa.

"Goruba," na ce.

"Go me?"

Na maimaita masa har ya iya. Ranar Lahadi ya tura hanci a kofi, ya daɗe, sannan ya ce, "Goruba." Dogon ya ce mece ce kuma goruba. Ankul ya dube shi da tausayi, ya ce wani ƙamshi ne na Afirka ta Yamma, ba kowane hanci yake kama shi ba. Gajeren ya sake shinshinawa, ya ce, da "lah" ɗin nan da mutanen garin suke maƙala wa magana, "Akwai ta lah. Can ƙasa-ƙasa." Dogon bai so a bar shi a baya ba, ya ce shi ma ya ji, amma ba ta nuna sosai ba. Na cusa fuskata a hijabi, kafaɗuna suna rawa, gyada tana zubewa a ƙasa.

Daga nan fa shaiɗan ya sami wurin zama. Na ga kasuwa ta buɗe, na shiga sauke musu kayan dajinmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan makon kanya, na gaba ɗinya, wani magarya. Wadda ta yi mini ɗaci na ce aduwa. Tsofaffi uku da ba su taɓa taka Afirka ba suka zauna a Sentul suna musu a kan ko ɗinyar ta fi kanyar fitowa.

Ban tsaya nan ba. Ankul ya fara tambayata har da makin da ya kamata ya bayar, ni kuwa ina da tawa buƙatar. Kwalaben Sikotland da yake saye dogaye ne masu matsattsen wuya, sai ka yi ta tura gyada ɗaya-ɗaya, mai saye kuma ya yi ta girgizawa ba ta fita. Bobon ɗin da yake kawowa kuwa kwalbarta gajera ce mai faɗin baki, murfinta yana kamawa gam, gyada ba ta yin sanyi. To, me ake jira? Duk toshiyar da na ga ta fito daga kwalba mai faɗin baki, goruba ce zalla, tara. Mai matsattsen wuya kuwa, aduwa ta yi mata yawa, biyar da rabi. Ankul ya koma sayen bobon. Ɗalibai suka yi ta yabon sabon mazubina. Maigidana ya ce in aka bi diddigi ni kaɗai ce a duniya nake auna wiski da ƙwayar gyada.

Abin da ban lissafa ba shi ne dogon. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗaukaka ta Sikotland ya zauna yana ji ana ba ta biyar da rabi mako bayan mako. Na ga ya fara kallon Ankul ta gefen ido. Wata Lahadi sai ga shi da tasa kwalbar, ya naɗe ta da jarida tun daga gindi har wuya, ba a ko fasa ta ba.

"Yau tawa za mu sha," in ji shi. "Ba suna, ba takarda. Mai hanci ya gaya mana mece ce."

Ni na jawo wannan, da son kwalba mai faɗin baki. Ina kallo ya tsiyaya a kofi uku, ya tura ɗaya gaban Ankul, ya harɗe hannu. Ankul ya ɗaga kofin a haske. Ya jujjuya. Ya sa hanci ya lumshe ido, ya daɗe fiye da kullum. Da ya buɗe idon, ta cikin ƙyauren ƙarfe ni ya kalla. Tsakanina da kofin nan akwai faɗin baranda da rabin falo, kuma duk duniyata gyada take ƙamshi. Na sunkuyar da kai. A raina ina cewa, ka ce goruba mana, Ankul, wa zai kama ka?

Ya ajiye kofin.

"Ba na jin komai," in ji shi. "Tun da na dawo daga asibiti ba na jin komai. Ko fetur ka zuba mini ba zan sani ba."

Sai gajeren ya ce a hankali, "To gorubar fa?"

Ankul ya nuna ni da haɓa. Su biyun suka juyo. Ga ni zaune a kujera 'yar tsugunno, hijabi har ƙasa, tire a cinya, ɓawon gyada a gira. Na ce musu sannunku.

"Ita?" in ji dogon. "Ai ba ta sha."

"Ko ɗigo," na ce.

"Amma ni na ji ta fa," in ji gajeren, kamar zai yi kuka. "Da hancina na ji ta."

Da a wata ranar ce, da na yi dariya har na faɗo daga kujera. Ranar ban iya ba, saboda Ankul ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu yana kallon ƙasa, kamar mai jiran a karanta masa hukunci. Ya ce musu ya san ya yaudare su, kuma in ba su zo mako mai zuwa ba, ba zai ga laifinsu ba.

Dogon ya dube shi. Sannan ya sa yatsa ya sake tura kofin gabansa.

"Na ji. Maki nawa?"

"Na ce maka ba na jin komai."

"Ban tambaye ka me ka ji ba. Tun muna da gashi a ka kai kake fara faɗa, ni in ce ƙarya ne. In ba ka faɗa ba, wa zan ƙaryata? Wannan?" Ya nuna gajeren. "Wannan ai ko ruwan famfo na ba goma zai ce ina da gaskiya. Sha ka ba da maki lah, kana ɓata mana lokaci."

Ankul ya ɗauki kofin. Ya kurɓa, ya yi yawo da ita daga kunci zuwa kunci yadda ya saba, ya haɗiye. Ya yi gyaran murya.

"Shida."

Dogon ya miƙe tsaye. Ya yage jaridar, ya kai kwalbar har gaban hancin Ankul, yana faɗin shekarun da ta yi a ganga da irin wuyar da ya sha kafin ya same ta. Ya ce tun suna samari Ankul bai taɓa sanin wiski ba, da hancin da babu hancin duk ɗaya ne. Ankul ya ce shidan ma don kara ya bayar. Hawaye yana bin kuncinsa har cikin gashin baki, bai tsaya sharewa ba, yana ta ɗaga murya yana kare shidansa.